Shekarar da Ciɗo Ya Yi Gadin Ƙafar Sarjan

Duk wanda ya san Ciɗo baduku a kasuwar Tawa ya san ba ya duban fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. Ka yi masa sallama, ya amsa wa takalminka. Baƙi kan ɗauka kunya ce, wasu su ce ladabi ne irin na mutanen da. Ba ko ɗaya. Tsoro ne, kuma tsoron yana da labari.

A gaskiya Ciɗo bai jira wani dalili ba kafin ya fara jin tsoro. Da shi aka haife shi, kamar yadda ake haifar wani bahago. Ubansu baduku ne daga wajen Kalfu, ya dawo Tawa da zama da ƴaƴansa maza biyu. Zakari, ƙaramin, shi ya kwashe duk ƙarfin halin gidan, ya bar wa wansa hannu mai kyau da zuciya mai rawa. Ciɗo yana tsoron kare, yana tsoron tsawa, yana tsoron duk wanda ya sa kaki ko da mai gadin asibiti ne. Lokacin da samarin yankin Adar suke tafiya biɗa, wato neman kuɗi a ƙetare, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, shi ma ya ɗaure kaya ya je tasha. Da ya ga yadda aka jera mutane a saman kamyo, babbar motar kaya, ƙafafu na reto, sai ya ce ya manta butarsa a gida. Har yau bai dawo da butar ba.

Ya zauna a rumfar ubansa, ya auri Kande, mace mai magana ɗaya. Ba ta taɓa gane abin da ke firgita mijinta ba, amma ta koyi zama da shi kamar yadda ake zama da mai ciwon haƙori. Hannunsa kuwa ba a magana. Takalminsa mai faɗi ne, ƙirgi a kan ƙirgi, jar fata a sama da ɗan adon kore, irin wanda in ka sa shi ranar Salla sai ka riƙa miƙe ƙafa ba gaira ba dalili.

Zakari ya sauka a Sabha, can cikin Libiya. Ya tarar da Adarawa cike da lambuna da wuraren gini, kowa na marmarin abin gida. Sai ya fara aiko wa wansa a ɗinka, direbobi su kai, shi ya sayar. Kai kayan ba wuya, takalmi ba ya tayar wa kowa hankali a hanya. Dawowar kuɗin ita ce matsala. Babu bankin da ya haɗa can da nan. Manda, kuɗin da ake aikowa ta gidan waya, ba ta zuwa daga ƙasar. Jirgin sama ma an hana shi tashi a shekarun nan. In kuwa ka danƙa wa matafiyi kuɗi a hannu, tsakanin Sabha da Tawa akwai hamada, akwai ƴan fashi, akwai tawaye da ya ɓarke a arewa, akwai shingen bincike ɗaya bayan ɗaya. Kuma a lokacin, duk wanda aka samu da kuɗin da suka fito Libiya, tambaya ɗaya ake yi masa: wa za ka kai wa, ya sayi me?

Zakari ɗan baduku ne, sai ya nemi mafita a inda ya iya. Yakan canza dinarin can, wanda ko ƙosai ba ya saye a Tawa, ya mayar da shi kuɗin Faransa. Ya ɗauki takalmin Ciɗo da aka ɗan taka, ya farke ƙasansa, ya shimfiɗa takardun kuɗin tsakanin ƙirgi da ƙirgi, ya mayar ya ɗinke. A ƙarƙashin diddige ya yi ɗan ɗinki da koren zare mai kama da sawun zabo, alamar da ubansu yake yi wa takalman ƴan gida kawai. Daga nan ya nemi wani mai komawa gida ya ce masa, sa wannan a ƙafarka, in ka isa Tawa ka kai wa Ciɗo zai ba ka sabo kyauta. Ba ya gaya wa mai sawa abin da ke ciki. Ya ce mutumin da ya san yana ɗauke da kuɗi tafiyarsa daban ce, idonsa ma tona shi yake yi.

Haka kuɗin Ciɗo suka riƙa zuwa da ƙafa, suna ratsa hamada, suna tsayawa a gaban masu bincike ana lalube aljihun mai su, su suna ƙasa shiru. Mutanen kasuwa suka ɗauka Ciɗo karimi ne, ko kuwa kansa ya ɗan taɓu, tunda yana karɓar tsoho ya ba da sabo. Shi kuwa duk ranar da ya ga sawun zabo, sai ya rufe rumfa da rana tsaka ya ce cikinsa na murɗa. Kuma ba ƙarya yake yi ba.

Abin da ya mayar da murɗar cikin ta zama ta kullum shi ne abin da ya sami Yunusu mai gyaran rediyo, wanda rumfarsa ke jingine da ta Ciɗo. Wani ɗan'uwansa ya aiko masa da kwali daga Libiya, batura ne da ƴan wayoyi na sana'a. Wani ya gani, ya faɗa wa wani. Ranar Lahadi, kasuwa na ci, mota ta tsaya a bakin rumfar. Aka tafi da Yunusu da ƙarfen kwance rediyo a hannunsa, shayinsa na kan wuta. Ciɗo ne ya sauke shayin. Ba wanda ya san inda aka kai shi, ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya. Sai bayan an yanke gero ya dawo, wuyansa ya yi tsawo, muryarsa ta yi ƙasa. Bai ƙara kunna rediyo ba. In mota ta rage gudu a titi, sai ya miƙe tsaye ya sa hannuwa a baya.

Saboda batura ke nan. Ciɗo ya riƙa tunanin abin da za a yi wa mutumin da aka kama da kuɗin Faransa ɗinke a cikin fata.

Da sanyin shekarar 1993 ya shigo, wani saurayi ɗan Affala mai suna Illa ya tsaya a gaban rumfar. Ciɗo ya dubi ƙafarsa, ya ga takalmin roba, ɗaya ma an ɗaure shi da waya.

"Baba, sannu da aiki. Zakari na gaishe ka. Ya ce in kawo maka takalmi ka ba ni sabo."

"To, ina takalmin?"

"Na ba soja."

Basillar da ke hannun Ciɗo ta faɗi. "Ka ba wa?"

"Sarjan ɗin da ke shingen shigowa gari. Da munka sauka daga mota, sai na ga shina kallon ƙahwata."

"Ya ce ka ba shi?"

"A'a, bai ce komi ba. Amma irin kallon, Baba! Sai na tuɓe na miƙa mishi da hannu biyu. Har ya ce in bar shi, ni ko na rantse sai ya amsa. Ai na san sabo na jirana wurinka."

Ciɗo ya ba shi sabon. Ya haɗa masa da kuɗin mota zuwa Affala, don ya bar garin tun bakinsa bai ƙara buɗewa ba. Sannan ya koma gida ya kwanta a tabarma ya ja bargo har ka. Cinikin shekara guda ne a cikin takalmin nan, amma ba wannan ya kwantar da shi ba. Kowa a Tawa ya san ɗinkin Ciɗo. Sarjan ya san daga wace hanya takalmin ya fito. Ranar da ƙasansa ya huje takarda ta leƙo, ba sai an yi dogon bincike ba, motar ta san rumfar.

"Malam, tashi ka ci tuwo," in ji Kande. "In za su zo, su iske ka da ƙoshi."

Ba a daɗe ba sai ga takalmin ya zo da kansa. Ciɗo na sunkuye yana yanka ƙirgi, inuwa ta rufe shi. Ya ga jar fata, ya ga adon kore, ya ga manyan yatsu. Da ya ɗaga kai a hankali ya ga wandon kaki, sai ya fasa ci gaba.

"Kai ne sarkin dukawan? An ce wannan aikinka ne. Hancinsa ya tsinke."

Sunansa Sarjan Alƙasum, dogo, mai dariya da ƙarfi, da furfura kaɗan a gemu. Ya zauna a kan benci ba a ce ya zauna ba, ya tuɓe na hagun ya miƙa. Ciɗo ya juya shi. Sawun zabo na nan, ƙura ta ɗan rufe shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Ciɗo da wata murya da shi kansa bai san ta ba, "wanga ya tsufa. Ga sababbi nan, ka zaɓi wanda ka ga dama. Kyauta."

Sarjan ya gwada ɗaya, ya taka, ya gwada wani, ya girgiza kai. "Duk katako ne. Nawa kuwa, Baba Ciɗo, tun da uwata ta haife ni ban taɓa taka abu mai laushinsa ba. Kamar ina tafiya a kan katifa. Me ka sa a ciki?"

Ciɗo ya juya takalmin a hannunsa. "Hannu ne, ranka ya daɗe. Wata rana hannu na daɗi."

"To a ɗinke min shi."

"Ka bar shi nan, gobe ka aiko."

"In tafi da me? Takalman aikina sun buɗe baki kamar kada, albashi kuwa mun manta kamanninsa. Ina nan zaune. Ko ka buɗe ƙasan ka ƙara masa ƙarfi gaba ɗaya?"

A nan ne Ciɗo, wanda bai iya ƙarya ba, ya yi ƙaryar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa. Ya ce gadon gidansu ya hana a buɗe ƙasan takalmin da aka riga aka taka, mai shi yana iya gurguncewa. Sarjan ya ce Allah ya kiyaye, a bar shi a rufe. Ciɗo ya ɗinke hancin, ya soki yatsansa har jini ya fito, ya ƙi karɓar ko dala.

Daga ranar Ciɗo ya samu sabon aiki wanda ba a biyansa: gadin ƙafar Sarjan. Ya san lokacin da yake saukowa daga shinge, ya san hanyar da yake bi zuwa wurin mai nama. In ya hango shi sai ya fito da gudu ya ce ranka ya daɗe, na ga kamar zare ya saki. Ya ƙara ɗinki. Bayan ƴan kwanaki ya ce ƙasan ya fara ci, ya manna wani ƙirgin a ƙarƙashi. Ya sake mannawa. Kafin zafi ya shigo, abokan aikin Sarjan suka fara cewa ya ƙara tsawo. Shi kuwa ya ɗauka Allah ne ya haɗa jininsa da na baduku. Ya mayar da rumfar wurin hirarsa, yana cin goron Ciɗo, yana kukan talauci, yana kaɗa ƙafa. Yunusu mai rediyo ya daina fitowa kasuwa in ya ga bencin da mutum.

Ana cikin haka aka karya darajar sefa, kuɗin ƙasar. Sukari ya tashi, shinkafa ta tashi, sabulu ya zama abin ɓoyewa. Kande ta dawo daga gidan suna da labarin cewa kuɗin Faransa sun ninka.

"Ka ji, Malam? Arzikinmu ya ninka a ƙahwar wani. Mu muna nan muna shan kunu ba sukari."

"Rage murya, Kande, don Allah."

"Akuya ce kaɗai ke jinmu."

"Ita ma ban yarda da ita ba."

Damina ta faɗi da ƙarfi a shekarar, irin wadda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Wata rana da hantsi Sarjan ya iso da laka har idon sawu. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce aiki ya ƙaru, yanzu an gano mutane na ɓoye abubuwa a inda ba a zato. Jiya sun farke sirdin raƙumi, shekaranjiya matashin kai. An ce musu su riƙa duba har ƙasan takalmi.

Yana faɗa yana buga nasa a ƙasa don laka ta kaɗe. Ciɗo ya duba. A gefen na hagu, inda ruwa ya jiƙa zaren, ƙirgi ya ɗan rabu, wani abu mai launi ya leƙo kamar harshen ƙadangare.

Kasuwar ta yi masa nisa. Yana jin Sarjan na magana kamar daga cikin rijiya. Ya durƙusa, ya kama ƙafar da hannu biyu kamar mai neman gafara, ya tura harshen ciki da bakin basilla, ya ɗinke wurin takalmin na ƙafar mai shi.

"Kai, Baba Ciɗo, hannunka sanyi kamar na gawa. Zazzaɓi kake yi?"

"Na damina ne, ranka ya daɗe."

Kande ce ta kawo shawara, domin ita ce mai shawara a gidan. Ta ce mutum ba ya rabuwa da takalminsa sai a wuri ɗaya. Masu tsoron ɓarayi kan shiga masallacin Juma'a da nasu a hannu su ajiye a gabansu, amma Sarjan a bakin ƙofa yake barin nasa, tunda wa zai taɓa takalmin soja? Ciɗo ya ɗinka wani irinsa sak, ya je ya musanya.

"Satar takalmi a masallaci, Kande? Ni?"

"Ba sata ba ce, musanya ce. Ka ɗauki tsoho ka ajiye sabo. Ba ita ce sana'arka ba tun da Zakari ya tahi?"

Ciɗo ya auna tsoron Allah da tsoron mota. Ya ga Allah Mai gafara ne, motar kuwa bai taɓa jin ta gafarta wa kowa ba.

Ɗinka tagwayen bai ba shi wahala ba, ya san kowane ɗinki tunda shi ya yi su. Tsofar da shi ne aiki. Sarjan yana taka diddigen hagu a karkace, yana jefa ƙafar dama waje. Sai Ciɗo ya sa sabon takalmin yana zagaya tsakar gida yana kwaikwayon tafiyar soja, ƙirji a gaba, ido a ƙofa ko wani zai shigo. Kande na bakin murhu tana ba da umarni.

"Buɗe ƙahwa! Sarjan ba ya tahiya kamar mai satar kaza."

Ta shafe takalmin da man shanu da toka, ta jiƙa shi a kwatami, ta shanya, ta bar akuya ta lashe gefensa. Duk wannan lokacin ruwa na zuba, Sarjan na ratsa kwari da tabki a kan arzikinsu, Ciɗo na ramewa.

Ranar Juma'ar da aka sa, ya ɗaure tagwayen a cikinsa da mazagin wando, ya rufa da babbar riga. Ya tsaya a bayan wata bishiya yana alwala, ya gama, ya sake, har aka ta da salla. Da liman ya yi kabbara, bakin ƙofa ya zama ba kowa sai takalma shimfiɗe kamar garke. Rabinsu ya san masu su. Ya ji kamar duk sun juyo suna kallonsa. Na Sarjan na gefe shi kaɗai, sauran takalman ma sun ba shi wuri.

Ya sunkuya. Mazagin ya ƙi kwancewa. Ya ja, ya ƙulle. Ya sa haƙori. Liman ya kai ƙarshen Fatiha, masallaci ya ɗauki amin, Ciɗo ya ji kamar shi aka yi wa tsawa. Ya samu ya ciro sabon, ya ajiye, ya cusa tsohon a cikinsa da ɗumin ƙafar mai shi, ya ɗaure.

Da ya gudu gida daga nan, da an gama. Amma bai taɓa barin Juma'a ba, kuma yana tsoron a ce ba a gan shi ba. Ya shiga sahun ƙarshe inda ya ga ɗan gurbi. Sai da ya ɗaga hannu zai yi kabbara ya ga yatsun da ke kusa da nasa. Ya san su fiye da na Kande.

Bai san yadda ya yi sallar nan ba. In ya yi ruku'u takalmin ya zame, ya tare da gwiwar hannu. In ya yi sujada warin jiƙaƙƙiyar fata ya taso ta wuyan riga, ya tabbata duk sahun na ji. Aka sallame. Sarjan ya juyo ya kama hannunsa da fara'a, ya ƙi saki, suka fito tare.

Sarjan ya zura ƙafa. Ya yi taku ɗaya, ya tsaya. Ya sake takawa. Ya dubi ƙasa, ya daɗe, sannan ya dubi Ciɗo. Wata mota ta rage gudu a bakin titi.

"Baba Ciɗo."

"Ranka ya daɗe."

"Takalmin nan ya taurare."

"Ruwa ne. Hwata in ta sha ruwa ta bushe, haka take yi."

"Tsakanin huɗuba da sallama?"

Ciɗo ya dubi motar. Ya riƙe cikinsa da hannu biyu. Sarjan ya ce gobe zai zo rumfa a duba, ya tafi yana taka ƙasa kamar mai gwada ƙarfinta.

A gida Kande ta sa sakata, ta kori akuya. Ciɗo ya sa aska ya bi ɗinkin Zakari, ya ɗaga ƙirgin. Suka leƙa tare. Abin da ke ciki ya yi kama da tuwon da ya kwana a ruwa: toka-toka, a dunƙule, da siffar diddigen Sarjan a tsakiya. Gumi da laka da nauyin soja sun gama aikinsu. A gefe guda kawai wani ɗan guntu ya tsira, da idon wani Bature ɗaya yana kallonsu.

Kande ta zauna daɓas ta fara salati. Ciɗo kuwa ya kankare tuwon da bakin aska, ya zuba a murhu, ya tura idon Baturen a tsakiyar garwashi, ya tsaya har ya zama toka. Sannan ya sake sallarsa, don bai yarda da ta masallaci ba, ya ce a ba shi fura. Ya sha ƙwarya guda, ya nemi ƙari.

"Cinikin shekara ya ƙone kana shan hura?"

"Kande, yau ko sun zo, mi za su gani?"

Sauran gobe. Ya kwana yana juya maganar, ya gane ba abin da Sarjan ke nema sai laushi, kuma yanzu ya san abin da ke kawo shi. Shekarun zaɓe ne, takardun ƴan takara sun cika gari, Kande ma da su take hura wuta. Ya kwashi na kowace jam'iyya don kada a ce ya nuna bambanci, ya tafi da su rumfa.

Sarjan ya zo da hantsi, ya zauna, ya tuɓe. Yau ba dariya. Ciɗo ya ɗauki aska ya farke ƙasan takalmin a gabansa, ya buɗe shi sosai yadda rana za ta shiga. Ba komai sai ƙirgi.

"Ba kai ka ce gadonku ya hana ba?"

"Bayan damina ya halatta, ranka ya daɗe."

Ya linke takardun, ya shimfiɗa, ya ɗinke. Sarjan ya sa, ya miƙe, ya je bakin titi ya dawo. Ya ɗauki goro a gaban Ciɗo ya ɓare, ya ba shi rabi.

"Ya yi. Bai kai na da ba, amma ya yi." Ya tauna goron. "Ka san ran da aka ce mu riƙa farke takalman mutane, na zauna na dubi nawa. Na ce wannan daga hanyar Sabha ya fito, kuma laushinsa ya yi yawa. Har na ɗauko wuƙa. Sai na ce in na buɗe, wataƙila wani bawan Allah ya kwana inda ba ya so, ni kuma in koma tafiya ba takalmi. Na mayar da wuƙar." Ya kakkaɓe hannu. "Ka gaida gida, Baba Ciɗo. Ka riƙa cin abinci, ka rame."

Ciɗo bai motsa daga inda yake ba sai da aka kira azahar.

Da direban farko da ya nufi arewa ya aika wa Zakari saƙon baki: ya gode, amma kada ya ƙara aiko masa da tsohon takalmi, ƙafarsa ta warke. In an sayar da sababbin, ya sayi taliya da ganyen shayi da madarar gwangwani ya ɗoro a mota, abin da kowane mai bincike zai iya buɗewa ya ɗanɗana. Ribar ba ta kai ta da ba, wani kwalin ma yakan iso da rabi. Kande ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayarwa, kuma ita ke riƙe cinikin, ta ce a hannunta ba ya narkewa.

An canza wa Sarjan Alƙasum wurin aiki bayan an yi sulhu a arewa. Ya tafi da takalmin a ƙafarsa. Ciɗo ya ci gaba da sa takarda a tsakanin ƙirgi, har aka san shi da takalmi mai laushi, matasan dukawa na zuwa leƙen asiri. Yunusu ne kawai bai taɓa tambayarsa komai ba. Su biyu suna zaune a rumfunansu, shayi ɗaya suke sha. In mota ta rage gudu, Yunusu ya miƙe tsaye, Ciɗo kuma ya dubi ƙafar wanda zai fara saukowa.